Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Ilimi Na Arewa Kan Yaran Da Ƙararrawar Makaranta Ke Azabtarwa

Masu girma kwamishinonin ilimi da shugabannin hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon wannan amana.

Na rubuto ne a kan wasu yara da ke zaune a azuzuwanku amma ba sa cikin lissafinku. Duk malamin firamare da ya jima yana riƙe alli ya san su. Akwai wanda da an buga ƙararrawa sai ya dafe kunnuwa biyu ya durƙushe yana ihu. Akwai wadda ba ta yarda a taɓa ta, ko da hijabinta za a gyara mata. Akwai wanda za a zabga wa bulala ko gezau bai yi ba, amma lambar da aka ɗinka a wuyan rigarsa ta hana shi zama tun safe. Sunayen da muke ba su sanannu ne: mai taurin kai, miskili, sangartacce, dolo. In abin ya yi tsanani sai a ce iska ce ko sammu, a kira iyaye a ce su kwashi ɗansu. Da yawa cikin yaran nan lalurar otizim ce da su, wato bambanci a yadda ƙwaƙwalwa ke girma wanda ke shafar magana da hulɗa da mutane, kuma abin da muke dukansu a kai yana da tushe a yadda ƙwaƙwalwarsu ke karɓar ƙara da haske da taɓawa. An auna wannan da na'urori, an gani. Shi ne nake so ya isa kunnen duk wanda kuka damƙa wa aji.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da otizim. A Amurka, inda ake bin diddigi sosai, alƙaluman da aka fitar a 2023 sun ce ɗaya cikin 36. Ko da ƙaramin adadin muka ɗauka, firamare mai ɗalibai dubu biyu, irin waɗanda suka cika Kano da Kaduna da Katsina, za ta iya samun ashirin. Masu cewa cutar Turawa ce su sani tun 1978 wani mai bincike, Victor Lotter, ya zagaya ƙasashen Afirka, har da Najeriya da Gana, ya kuma tarar da yara masu ita. Suna nan tun da can. Ganewa ce ba mu yi.

Ku ɗauki misalin ofishinku. Idan aka tayar da janareto, kuna jin ƙararsa na ɗan lokaci, daga nan sai ta ɓace muku, har sai an kashe shi ku tuna ashe yana yi. Kunnenku bai daina ji ba. Ƙwaƙwalwa ce ta yanke cewa wannan ƙarar ba ta da wani labari, ta ture ta gefe. Haka take yi da nauyin hula a kai, da gogar riga a baya, da warin fenti. Aikinta kamar na rariya ne: a kowane sakan ido da kunne da hanci da fata suna zubo mata saƙonni, ita kuma tana tace wanda ya kamata hankali ya kai gare shi. A wurin yawancin masu otizim wannan tacewar ba ta tafiya yadda ta saba. Bincike daban-daban sun nuna kusan tara cikin goma nasu suna da wani bambanci ta wannan fuska. Likitan da ya fara bayyana lalurar a 1943, Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins, ya rubuta a kan yara 11, kuma tun a lokacin ya lura da yadda ƙarar injin share ɗaki da ta ruwan famfo ke firgita wasunsu. Amma sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da wannan cikin alamomin da ake gane lalurar da su. Idan likitoci sun ɗauki shekara saba'in, ban ga laifin malamin da bai taɓa ji ba. Laifin yana wuyan wanda ya ji bai isar ba.

A 2015 Shulamite Green da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun sa yara da matasa cikin na'urar MRI mai nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki. Suka kunna musu ƙarar motoci a titi, suna kuma goga musu ulu mai kaushi a hannu. Babu zafi a ciki, ɗan damu ne kawai. A wurin yaran da ba su da otizim, sassan da ke karɓar ƙara da taɓawa sun motsa da farko, sannan suka lafa yayin da abin ke maimaituwa. A wurin masu otizim da iyayensu suka ce ƙara da taɓawa na damunsu, sassan sun motsa fiye da kima kuma ba su lafa ba. Tare da su wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda shi ke shelanta haɗari ya sa zuciya bugawa da jiki rawa, shi ma ya ci gaba da aiki. Wato ƙarar da ta ɓace wa ɗan'uwansa, shi tana zuwa masa sabuwa fil kowane lokaci, kuma jikinsa yana amsa ta kamar yadda naku zai amsa idan taya ta fashe a gefenku. Yaro a wannan hali ba ya jin nasiha. Wanda ya firgita ba ya karatu.

Akwai wani abu a binciken da ya fi tsaya mini a rai. Wasu masu otizim ɗin ba sa nuna damuwa a fili, kuma a wurinsu an ga sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke danne motsin rai, yana aikin riƙe amigdala. A fahimtata wannan ya fassara abin da iyaye mata ke yawan faɗa: a makaranta an ce yaron shiru-shiru ne, ba shi da matsala, amma da ya shigo gida ya jefar da jaka sai kuka da birgima har magariba. Wuni ya yi yana daurewa, ƙarfin ya ƙare.

Haka batun sauraro. A Asibitin Yara na Filadelfiya, Timothy Roberts ya yi amfani da na'urar da ke auna ɗan maganaɗisun da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, ya gano a 2010 cewa amsar ƙwaƙwalwar masu otizim ga sauti tana jinkiri da kimanin kashi 11 cikin dubu na sakan. Za a ce wannan ai ba komai ba ne. To magana gaɓa-gaɓa take zuwa, a guje, kuma jinkiri kaɗan a kowace gaɓa ya isa ya sa jimla ta cakuɗe. Wasu masu bincike a Niyok, John Foxe da Sophie Molholm, sun nuna cewa idan akwai hayaniya, sauran yara suna cike abin da kunne ya rasa ta hanyar kallon bakin mai magana, amma ƙananan yara masu otizim ba sa cin wannan ribar sosai, domin haɗa abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji yana ba su wuya. Labari mai daɗi a nan shi ne sun ga tazarar tana raguwa idan yaran suka kai shekarun balaga. Ƙwaƙwalwar tana koyo. Abin da take buƙata shi ne kada a kori mai ita daga makaranta kafin ta kai can.

Me ke jawo duk wannan? Gado yana da babban kaso, bincike a kan tagwaye da iyalai ya tabbatar da haka. A cikin ƙwaƙwalwa kuwa, bayanin da aka fi tattaunawa tun 2003 shi ne na John Rubenstein da Michael Merzenich, cewa daidaito tsakanin sinadaran da ke zuga ƙwayoyin jijiya da waɗanda ke kwantar da su ya karkata. Har yanzu masana na muhawara a kai, amma ya dace da wani abu da likitoci suka daɗe da sani: farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu otizim fiye da sauran yara. Ku duba yadda wannan ke faɗawa a wurinmu. Yaro ba ya magana, ba ya son mutane, yana kaɗa hannu, ga shi kuma yana faɗuwa yana kumfar baki. Kafin a ce asibiti an riga an ce aljanu. Alhali farfaɗiya tana da magani a asibiti, kuma ba a ɗaukarta ta miyau ko taɓawa kamar yadda ake tsoro.

Gaskiya ta wajaba a nan, domin kada a ɗauki abin fiye da yadda yake. Waɗannan bincike an yi su ne a kan yara 'yan ƙalilan, kuma bambancin da suke nunawa na rukuni ne. Babu hoton ƙwaƙwalwa ko gwajin jini da ake gane otizim da shi. Ƙwararre ne ke zama da yaro da iyayensa, ya lura, ya yi tambayoyi. Duk wanda ya ce wa iyaye su kawo kuɗi zai ɗauki hoto ya gano, ko yana da garin magani ko ruwan da ke warkarwa cikin wata uku, cin amanarsu yake. Haka kuma allurar rigakafi ba ta jawo shi. Mujallar da ta buga wannan zargi a 1998 ta janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan da ya yi zargin, sannan wani bincike a Denmak a kan yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa ba. Mu da muka san abin da ƙauracewa rigakafin shan-inna ta 2003 ta jawo mana, bai kamata mu bari wannan jita-jitar ta samu gindin zama ba.

Yanzu, ranku ya daɗe, ku shiga ajinmu da kunnen wannan yaro. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Ku kun fi ni sanin nawa ne a zahiri, a birane sau da yawa ninki biyu ko uku. Rufin kwano ne babu silin, da rana zafi, da damina kuwa ko malam ba ya jin kansa. Ƙararrawar tsohon ƙarfen tayar mota ce da aka rataye a bishiya, ana dukanta ba sanarwa. Karatun da baki ɗaya ake yi, kowa da iya ƙarfin muryarsa, ajin da ke maƙwabtaka ma haka, ga tagogi babu murfi. Taron safe ga ganga ga lasifika mai ƙugi. Benci ɗaya yara biyar, kafaɗa na gogar kafaɗa. Rigar makaranta sabon yadi ne mai kaushi, an sa mata sitati, ga safa dole. Da hunturu fata ta bushe ta tsage, ga ƙurar alli. Da yamma kuma a Islamiyya a sake sabon zama cikin hayaniyar hadda. Mu da muka tashi a haka mun saba, har ma muna kewarsa. Shi kuwa sabawar ce ƙwaƙwalwarsa ta kasa yi.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ba ni tsoro. Wasu yaran saƙon ne ba ya isa da ƙarfi. Za a kira sunansu sau biyar ba su waiwayo ba, har a ce kurame ne, amma su ji motsin ledar alewa daga ɗaki na biyu. Za su taka ƙaya ko su taɓa tukunya mai zafi ba su yi kuka ba. Yaro ɗaya ma yana iya haɗa biyun, ƙara ta yi masa yawa, zafi ya yi masa kaɗan. Irin wannan idan ya haɗu da malami mai dorina, me kuke tsammani? Malam zai ga bulala uku ba ta yi aiki ba ya ƙara zuwa goma, yana ganin raini ne. Rashin kuka ba ya nufin jiki bai ji rauni ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin hana a doki irin waɗannan yara, a rubuce, da hukunci ga wanda ya saɓa.

Juye-juye da kaɗa hannu da rausaya da suke yi kuwa, manya masu otizim da suka iya bayyana kansu sun sha faɗa cewa da su suke kwantar da jikinsu idan abubuwa suka yi yawa. Abin mamaki, mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan, domin babu makarantar allo da ba a ganin almajirai suna rausaya gaba da baya suna karatu, kuma ba wanda ya taɓa cewa a ɗaure su. In motsin ba ya cutar da shi ko wani, a ƙyale shi. Al'adarmu ma ta yi wa yaron nan wani rangwame da bai samu a Turai ba: a wurinmu yaro mai ladabi ba ya zura wa babba ido. Bincike ya nuna tilasta wa mai otizim kallon ƙwayar ido yana tayar da sassan firgici a ƙwaƙwalwarsa, don haka sunkuyar da kai sauƙi ne a gare shi. Sai dai wannan rangwamen yana da farashi. Alamar da ke sa uwa a Ingila ta garzaya asibiti da ɗan shekara biyu, a nan kunya ake kiranta, a yaba. Jinkirin magana kuma kaka ta ce babansa ma sai da ya shekara huɗu. Haka ake rasa shekarun farko, waɗanda taimako ya fi tasiri a cikinsu, har yaro ya isa aji ɗaya. Shi ya sa malamin nazire da na aji ɗaya sukan zama mutanen farko da za su iya lura, kuma su ne ba a koya wa komai a kai ba.

Ban zo da faɗa da addu'a ba. Uwar da ta tofa wa ɗanta ayoyi ta shafa masa ba ta yi laifi ba, kuma ba mai raba Bahaushe da wannan. Abin da nake roƙo ku tattauna da malamanmu da hukumomin makarantun Alƙur'ani da Islamiyya shi ne abin da ake yi wa yaron da ƙara ke azabtarwa: a danne shi, a yi masa karatu da ƙarfi a cikin kunne, a turara masa hayaƙi mai yaji, sannan ihunsa ya zama hujjar cewa aljanin ne ke ƙonewa. Malamai masu ilimi ba za su yarda da cutar da yaro ba idan aka yi musu bayani. Kuma huɗuba ɗaya ta Juma'a za ta kai inda taron bita goma a otal ba zai kai ba.

Doka tana tare da yaran nan. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, ta kuma ce makarantun gwamnati su kasance masu karɓar kowa, da ma'aikacin da aka horar don kula da su. Wasu jihohinmu sun kafa tasu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma a ciki akwai kason horar da malamai da na yara masu buƙata ta musamman. Amma idan aka ce buƙata ta musamman a ma'aikatunmu, tunani yana tsayawa ne a keken guragu da sandar makafi da yaren kurame. Duk suna da muhimmanci. Sai dai lalurar da ba a gani da ido ba ta da hoton da za a ɗauka ranar rabon kaya, don haka ba ta shiga kasafi.

Mafi yawan abin da ake buƙata ba ya cin kuɗi. Malam ya ɗaga hannu ko ya ce saura kaɗan a buga ƙararrawa, domin ƙarar da aka san da zuwanta ta fi sauƙin ɗauka. A zaunar da yaron a bakin benci, nesa da ƙofa da hayaniya. A bar shi ya sa auduga ko abin toshe kunne lokacin taron safe, ko ya tsaya daga baya. A yarda uwa ta ɗinka masa riga da yadi mai laushi in dai launin ɗaya ne, a yafe masa safa. A samu wuri guda, ko gindin bishiya ne ko kusurwar ofishin hedimasta, inda zai je ya huce in abin ya taso, ba a matsayin horo ba. A yi masa magana gajeriya, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a ɗan jira kafin a maimaita, a nuna da hannu ko da zane. Idan ya riga ya fashe da ihu, a janye 'yan kallo, a rage magana, kada a rirriƙe shi sai in zai ji wa kansa ciwo. Kuma a tambayi uwarsa. Ita ta san ba ya cin miyar kuɓewa saboda yauƙi, ta san ranar aski yaƙi ce, ta san abin da ke lallashinsa. Ilimin da ke hannunta ya fi na kowa a kan wannan yaro, amma sai an kira ta karɓar ƙara kawai take shiga makaranta.

Abin da ke wuyanku kai tsaye shi ne horo da hanya. Kwalejojin ilimi na jihohi a ƙarƙashin gwamnatocinku suke. Babu dalilin da zai sa mai takardar NCE ya fito bai taɓa zama ko darasi biyu a kan otizim ba, kuma a bitar da ake yi wa malamai lokacin hutu za a iya ware masa wuni guda, da Hausa, ba da Turancin da rabin zauren zai yi barci ba. Masu koyarwar suna nan kusa: akwai sashen ilimin musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos, akwai Kwalejin Ilimin Musamman ta Tarayya a Oyo. Sannan malamin da ya lura yana buƙatar sanin inda zai tura iyaye. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Ku zauna da takwarorinku na lafiya ku fitar da takarda ɗaya mai sauƙi ta turawa, wadda za ta fara da gwajin ji, domin wani yaron kunnen ne da gaske. Malami ba likita ba ne, kada a ɗora masa sanya wa lalurar yaro suna. Aikinsa ya lura, ya rubuta abin da ya gani, ya tura.

Kada a ɗauka kowane mai otizim zai zama gwani a wani fanni. Wasu za su buƙaci kulawa har ƙarshen rayuwarsu, kuma haƙƙinsu bai ragu da haka ba. Amma akwai irin su Temple Grandin, wadda ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara uku, wadda ta sha bayyana yadda ƙararrawar makaranta ke soke mata kunne da yadda tufafi masu kaushi ke ƙona mata fata. Ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, kuma tsarin da ta zana na tafiyar da shanu ba tare da firgita su ba ya bazu a mayankan Amurka. Da a ɗaya daga cikin makarantunmu ta fara, ina jin tun zangon farko za a ce wa mahaifiyarta ta nemi wani wuri.

Roƙona shi ne kafin a koma sabon zango, kowace ma'aikata ta aika da takardar umarni zuwa ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi da masu makarantun kuɗi da na Islamiyya: ba a korar yaro ko ƙin ɗaukarsa don yana da otizim, ba a dukansa don ya toshe kunne ko ya kasa zama, kuma kowace makaranta ta ba da sunan malami ɗaya da za a fara horarwa. Masu duba makarantu su riƙa tambayar wannan kamar yadda suke tambayar rajista.

Allah ya ba ku ikon yi, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam,
Wani malamin firamare daga Arewa